Rawar Hannun Mai Makulli

Mijina mai gyaran makulli ne, kuma tun da na san shi bai taɓa buɗe kwaɗo ya ja bakinsa ya yi shiru ba. In ya buɗe wa wata tsohuwa ɗakin ajiyarta da safe, kafin ya iso gida da yamma ɗakin ya zama ƙofar banki. Shekara talatin da huɗu ina sauraro, har na ƙware wajen rage kowane labari nasa zuwa girmansa na asali, yadda ake rage wa yaro rigar yayansa. Saboda haka ranar da ya shigo yana haki yana cewa 'yan fim sun zo shago nemansa, ban ko ɗaga kai daga gugar da nake yi ba.

Na ce, "Nemanka suka zo, ko makullin motarsu ne ya karye?"

"Kin ji ki ko! Darakta ne da kansa. Akwai wurin da jarumin zai buɗe akwatin ƙarfe, an ba shi tsinken buɗe kwaɗo ya riƙe kamar zai sakace haƙori. Shi ne aka ce a nemo gwani."

"Sai ba a samu ba, aka zo wurinka."

Ashe wannan karon gaskiya ya faɗa. Kwana uku mota tana zuwa ƙofar gida tana ɗaukarsa. Jarumin dai bai koyu ba. A rana ta uku darakta ya gaji, ya sa aka cire wa yaron riga da agogo aka sa wa mijina, aka ɗauki hannayensa kaɗai, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Har hoda suka shafa masa don su rufe tabon da ke babban yatsansa. Ya dawo gida da hodar ya ƙi wankewa, sai da na rantse ba zai taɓa min kwano da ita ba.

Daga ranar kunnen unguwa bai huta ba. Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na tela. Mai askin Farfesa ake ce masa, don babu abin da za a ambata a duniya bai da bayani a kai, shi kuma yake kiran mijina Injiniya don tsokana, har sunan ya bi shi. Telar kuwa kowa Anti yake ce mata, mace mai saurin hawaye, ko tallar sabulu ta yi daɗi sai ta share ido. Su biyun babu wanda ya yarda da labarin.

Farfesa yakan leƙo da almakashi a hannu ya ce, "To Injiniya, a minti na nawa za mu ga fuskarka?"

"Fuska ta 'yan kwalliya ce. Aiki a hannu yake."

"Hannu kuwa kowa yana da biyu."

Shekara ɗaya da rabi ana wannan. Duk wanda ya kawo makulli a yanka masa sai ya tafi da makullin da kuma labarin darakta.

A cikin wannan shekara da rabin ne kuma na lura hannunsa na dama yana rawa. Da kunne na fara ganewa. In yana juya shayi da safe sai in ji cokali yana kaɗa jikin kofi fiye da yadda ya saba. Daga nan ya daina sa riga mai maɓalli, wai ta tsofaffi ce. Hannun ya koma zama cikin aljihu kamar an ba shi haya a can. A shago kuma ya ƙirƙiro sabuwar doka, wai wanda ya kawo makulli ya je ya dawo, don inji ba ya son a tsaya a kansa.

Bai gaya min ba. Mutumin da ko mafarki ya yi sai ya tashe ni na ji, mutumin da ya taɓa kira na a waya don kawai ya shaida min ya ga wani mai kama da ƙanina, shi ne ya ɓoye min hannunsa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na san abin da yake tsoro. Babu mai ba wa mai rawar hannu ƙofar gidansa, kuma shi bai san kansa da komai ba sai hannun nan. Ni kuma tsorona shi ne ciwo yana ci yana ɓoyewa, likita bai gani ba. Na gwada ta gefe. Na ce ya raka ni asibiti a auna min jini, ya raka ni, ya zauna a waje yana ba mai gadi labarin fim.

Sai na rantse a raina ba zan tambaye shi ba, da bakinsa zai faɗa. Ni ma ina da nawa taurin kan, shi ya sa muka daɗe. Abin da kawai na yi shi ne na koma zuba masa shayi rabin kofi don kada ya zuba a jikinsa.

Da fim ɗin ya fito, Auta, 'yarmu da ke koyarwa a makarantar firamare, ta saya mana tikitin ranar Asabar da rana. Mu biyar muka je: ni da shi, da Auta, da Farfesa, da Anti. Mijina ya sha wanka ya fesa turaren da ba ya taɓawa sai ɗaurin aure. A bakin ƙofa ya ce wa mai duba tikiti, "Ina cikin ma'aikatan fim ɗin." Yaron ya ce, "Madalla Baba, layi na takwas."

Ni irin waɗannan finafinan ba sa gabana. Za a kashe mutum a minti biyar na farko, sannan a zaunar da ke awa biyu kafin a gaya miki abin da su sun sani tun farko. Wannan ma haka ya fara. An kashe wani likita a ofishinsa, 'yan sanda suka kama wani saurayi da bai ji ba bai gani ba. Yayan saurayin direba ne, shi ne jarumin, kuma ya gano cewa takardar da za ta wanke ƙaninsa tana cikin akwatin ƙarfe a gidan ubangidansa.

Kallon mutanen zauren ya fi min kallon allon. Wata mata a bayana ta ɗauki nauyin direban kacokan: "Kar ka shiga! Wayyo, na ce kar ka shiga!" Da ya shiga ta ce, "To ai shi ke nan, ka ji da kanka." Anti ta riƙe min dantse tun daga gawar farko ba ta saki ba. Farfesa kuwa duk minti goma sai ya sunkuyo ya raɗa mana wanda ya yi kisan. Ya ce matar likitan ce, ya ce mai gadi ne, ya ce sufeton 'yan sandan ne da kansa. Da ya ƙare mutanen fim ɗin sai ya fara zargin gawar.

Sai aka zo wurin akwatin. Kiɗa ya ɗauke, magana ta ɗauke, fuskar jarumin ta ɓace, allon ya cika da hannu biyu, kowanne ya kai girman ƙofa. Na dama ya matso, ya lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa jikin akwatin sau biyu a hankali.

Mijina ba ya taɓa kwaɗo sai ya ƙwanƙwasa shi sau biyu. Ya ce haka maigidansa ya koya masa, wai ba a shiga wa kwaɗo babu sallama. Ƙofar gidanmu ma kullum sai ta sha wannan gaisuwa. Ko da sun shafe hannun da buhun hoda, ni na san abina.

Hannun ya ɗauki tsinke ya nufi ramin makulli, sai ya fara rawa. Tsinken ya kauce. Ya sake, ya sake kaucewa, ana jin ƙarar ƙarfe yana kartar ƙarfe. Sai hannun hagu ya zo ya kama wuyan na dama ya riƙe shi, suka tsaya haka, kamar mai lallashin yaro. Da ya lafa, tsinken ya shiga. Minti huɗu cur babu wanda ya yi tari a zauren, har matar bayana ta rasa shawara. Da akwatin ya ce ƙas, mutane suka ɓarke da tafi, wani ma ya miƙe tsaye.

Na juya na dubi mijina. Ya nutse cikin kujera, ya cusa hannayensa tsakanin gwiwoyinsa, idonsa a ƙasa. Abin da ya shekara yana ɓoye wa matarsa, ga shi an haska wa gari guda.

A waje Farfesa bai jira mun gama sauka daga matakala ba. "Kun ga rawar hannun nan? Wannan ita ce fim ɗin! Tsoro ne da bakinsa bai faɗa ba, hannunsa ya faɗa. Yaron nan ya gama da su, kyautar bana a aljihunsa take." Anti tana ta fyace hanci. Sai Farfesa ya tuna, ya juyo yana murmushin mugunta. "Af, Injiniya! To hannun naka ne ko kuwa?"

Na ce a raina, yau dai. Mijina ya dubi titi ya ce, "An yanke nawa. Ba su sa ba."

Farfesa ya yi dariya har da dafa mota. "Ban faɗa ba? Shekara da rabi!" Anti ma ta dara cikin hawayenta. Ni kuwa raina ya ɓaci. Wato ya gwammace a kira shi maƙaryaci a tsakiyar titi da a san hannunsa yana rawa. Auta ta matso kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Mama, wannan ƙwanƙwasawar fa ta Baba ce." Na ce, "Rufe bakinki. Ki bar min shi."

Makonnin da suka biyo baya gari ya haukace. Duk inda kika juya ana ƙwanƙwasa abu sau biyu. Kwandasta yana yi wa jikin mota, ɗaliban Auta suna yi wa littattafansu kafin su buɗe, Farfesa kuma ya ɗauki ɗabi'ar ƙwanƙwasa kan mutum kafin ya sa reza, har wani dattijo ya tashi da rabin aski ya tafi. Da yake fim ɗin ya ƙare ba tare da an nuna ƙarara wanda ya kashe likitan ba, layin shagunan ya rabu biyu. Masu cewa matar likita ce suna zama a shagon Anti, masu cewa sufeto ne suna shagon aski. Farfesa ya kalli fim ɗin sau biyar, ya dawo da bayanin cewa ƙwanƙwasawa biyu tana nufin makasan biyu ne, wanda bai gane haka ba ya koma kallon zanen yara.

Sai kuma maganar kyaututtukan shekara. Rediyo ta ce fim ɗin zai kwashe su duka, jarida ta ce a yi hattara, alƙalan gasar ba su cika son fim mai gawa ba, sun fi son wanda ake kuka a cikin ruwan sama. Akwai kuwa irinsa a bana, na wasu masoya da suka yi awa biyu suna rabuwa a tasha. Anti ta je ta gani ta dawo da kumburarrun idanu, ta ce zuciyarta ta rabu biyu, Farfesa ya kira ta maci amana. Ya ɗauki alƙalamin allo ya rubuta hasashensa a jikin madubin shagon, sunan jarumin a sama da manyan baƙaƙe, har masu zuwa aski suka koma leƙen fuskarsu ta tsakanin rubutu.

A duk wannan hayaniya mijina ya zama kurma. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni ban ga abin yabo ba." Shagonsa da ake jin muryarsa tun daga bakin titi ya koma sai ƙarar inji. Amma sau biyu ina wucewa ta ƙofar ɗaki na ji ƙarar ƙarfe yana kartar ƙarfe daga wayarsa, sannan ƙas. Yana kallon abinsa a ɓoye.

A nan dabara ta zo min. Na san mijina yana tsoron a gane, amma na san abin da ya fi tsoron ƙarfi a jikinsa. Bai taɓa iya jure wani ya ci yabon kwaɗon da shi ya buɗe ba. Akwai shekarar da ya daina gaisawa da amininsa wata uku saboda aminin ya ce "mun buɗe" maimakon "ya buɗe".

Ranar muna cin abincin rana na ce, kamar da wasa, "Yaron nan na fim, Allah ya yi masa hannu."

Ya ci gaba da tauna.

"Ka ga yadda ya riƙe tsinken nan? Kamar a shagon makulli aka haife shi. Ni ban taɓa ganin wanda ya iya kamarsa ba."

Ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Ya ce, "Ba ki taɓa gani ba?"

"A ina zan gani?"

Ya buɗe baki, ya rufe, ya tashi ya bar rabin abincin. Na ji tausayinsa, amma ban fasa ba. Kullum sai na ba shi nasa kason, safe da yamma, kamar maganin likita. Na sa Auta ta kawo min hoton jarumin na manna a jikin firji. Na ce da ma irin waɗannan ne suke buɗe shago a unguwar nan, da mun huta da "je ka dawo". Mijina ya rame a tsaye, amma bakinsa gam. Wani lokacin in na ga ya shiga ɗaki shiru sai in tambayi kaina ko ni ce muguwar fim ɗin.

Ranar da za a karanta sunayen waɗanda suka shiga takara ta faɗo Asabar da hantsi. Farfesa ya fito da talabijin ɗinsa bakin ƙofar shago, ya jera benci, layin gaba ɗaya ya hallara har da masu wucewa. Na zo na zauna kusa da Anti. Mijina ya ce shi yana da aiki, amma ya tsaya a ƙofar shagonsa, hannu a aljihu, inda yake hango allon sarai.

Fim ɗin ya shiga rukuni tara. Duk wanda aka kira sai a yi ihu, Farfesa yana sa alama a madubi kamar shi ya haifi daraktan. Na masu kuka a ruwan sama ya samu bakwai, Anti ta yi tafi a ɓoye a ƙarƙashin gyalenta. Da aka kira jarumin a rukunin gwarzon shekara, har mai sayar da jarida ya watsar da jaridunsa.

Sai aka nuno shi ana hira da shi, da baƙin tabarau a cikin ɗaki. Mai hirar ta ce kowa yana maganar minti huɗun nan na akwati, yaya aka yi? Yaron ya gyara zama, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce wata uku ya yi yana zama da masu gyaran makulli har yatsunsa suka yi kanta. Ya ce rawar hannun a gaban madubi ya koye ta, tun tana fita da yawa har ya samu daidai gwargwado. Ta ce ƙwanƙwasawar fa? Ya dafa ƙirji ya ce wannan ba ta cikin rubutu, a take ta zo masa, daga zuciya.

Na ɗaga murya yadda za ta kai ƙofar shagon makulli na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Wannan shi ake kira gwani."

"Ƙarya yake!"

Kowa ya waiwaya. Mijina ya taho yana ture benci, idonsa jawur, ya tsaya tsakaninmu da talabijin.

"Wallahi ƙarya yake! Wata uku? Kwana uku na yi da shi, ko kwaɗon jakar makaranta bai buɗe ba! Ya karya min tsinke huɗu! Daga zuciya? Wannan sallamar maigidana ya koya min ita shekara arba'in da suka wuce, uban yaron nan ma bai yi kaciyar hankali ba lokacin!"

Farfesa ya kaɗa almakashi yana dariya. "Haba Injiniya, an dawo kuma? Ba kai ka ce an yanke naka ba? Ƙwanƙwasa ai ko ni ina yi. Gwanintar a rawar take, wannan kuwa sai wanda ya karanci abin."

Mijina ya tsaya. Ya dube ni, ni ma na dube shi ban ƙifta ba. Sai ya zaro hannun daga aljihu ya ɗaga shi a gaban allon, daidai fuskar yaron mai tabarau.

Hannun yana rawa, a fili, a hasken rana.

Farfesa ya ce, "Kai! Ashe ka iya kwaikwayo haka?" Ya fara tafi, ya ga shi kaɗai yake yi, ya ga kuma hannun bai tsaya ba. Tafin ya mutu a hannunsa.

Mijina ya ce, muryarsa ta sauka, "Ba a madubi na koya ba. Sau goma sha ɗaya aka ɗauka ranar. Goma na buɗe shi tsaf, ko gezau. Sau ɗaya tak abin nan ya kama ni, na ce su goge, suka ce to. Shi suka sa."

Wurin ya yi tsit, sai muryar talabijin tana tallar man gyaɗa. Anti, wadda tallar sabulu take sa wa kuka, wannan karon ba ta yi ba, ta dai tashi ta kashe talabijin ɗin. Farfesa ya daɗe yana kallon almakashinsa, sannan ya ce, "Akwatin nan na gaske ne? Ba na katako ba?"

"Na gaske ne."

"Kuma da hannun nan ka buɗe shi, yana wannan abin?"

"Minti huɗu. Ka gani sau biyar."

Farfesa ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a ya ce, "Ni fa tun ranar farko na faɗa, hannun nan ba na yaro ba ne." Aka yi masa ca, wasu suna dariya wasu suna rantsuwa cewa bai taɓa faɗa ba. A cikin hayaniyar na ja mijina muka shiga shagonsa na tura ƙofa.

Ya zauna a kan kujerar aikinsa, makullai suna reto a saman kansa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Na so in gaya miki."

"Na sani."

"Kin san na so in gaya miki?"

"Na san hannun. Wata nawa ina zuba maka shayi rabin kofi?"

Ya ɗago ya zuba min ido. "Au! Ni na ɗauka rowa kika fara da tsufa."

Na ɗauki tsumman goge inji na jefe shi da shi. Ina dariya, hawaye kuma suna zuba, ban san wanne ya riga wani ba. Na gaya masa duk abin da na tara: cewa ya raina ni, cewa darakta da mai hoda da mutanen layi na takwas duk sun riga ni gani a hukumance, cewa ban auri hannu ba, shi na aura, da bakinsa da ƙaryarsa ta banki. Ya saurara bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

Da na gama ya ce, "To yabon yaron nan fa? Har da hoto a firji."

"Wannan mai hannu kamar ɗanyen biredi? Yau zan cire shi."

"Ki bar shi tukuna. In ya ci kyautar ai tawa ce."

Ranar Litinin da safe muka shirya zuwa asibiti. Ya sa riga mai maɓalli, ni na ɓalla masa. Shayin da na zuba masa rabi ne, ya dubi kofin ya dube ni, ya shanye. Muka fito, ya ja ƙofar gida ya zaro makulli. A shekara talatin da huɗu bai taɓa bari wani ya kulle ƙofar nan yana tsaye ba.

Ya ƙwanƙwasa ta sau biyu. Ya kai makullin, ya kauce. Ya sake, ya sake kaucewa. Na ga hannunsa na hagu ya taso zai kama na dama, sai na riga shi. Na riƙe wuyan hannun, na ji yana kaɗawa a cikin tafina, muka tsaya haka har ya lafa.

Ya ce, "Ban ce ki taya ni ba."

Na ce, "Wa ya taya ka? Hannun mijina na riƙe. Kai dai yi aikinka."

Ya murɗa, ƙofar ta ce ƙas. Ya zare makullin ya jefa a aljihu, amma hannun bai bi shi ciki ba, ya bar min shi har bakin titi.